Kamfanonin Samarinmu a Ƙasashen Waje: Wa Zai Zama Mai Masaukinsu?

A cikin watan Yuli na shekarar 2022 wata babbar kotu a Nairobi, babban birnin Kenya, ta ba da umurni a ɗaure kuɗi wajen dala miliyan 52 da ke ajiye cikin bankunan ƙasar. Sunan da ya fi fitowa cikin maganar shi ne Flutterwave, watau wani kamfani da samarin Nijeriya suka kafa a 2016, wanda aikinsa shi ne sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi da aika su ta intanet. Hukumar Kenya mai bin sawun dukiyar haram ita ce ta kai ƙara, tana zargin ana wanke kuɗin da ba a san asalinsu ba. Kamfanin ya musa. Tun watan bai ƙare ba sai Gwamnan Babban Bankin Kenya na lokacin, Patrick Njoroge, ya shaida wa 'yan jarida cewa kamfanin nan, da wani mai suna Chipper Cash, ba su da lasisin yin wannan sana'a a Kenya. Aka kuma rubuta wa bankunan ƙasar takarda su daina ma'amala da su.

Ba ƙaramin kamfani wannan abu ya sama ba. Wata biyar kafin haka, masu zuba jari sun yi wa Flutterwave kima ta fiye da dala biliyan 3. Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya, a farkon 2023 hukumar da ta kai ƙara ta janye ƙararta, ba wata kotu da ta sami kamfanin da laifi. Amma fa an shafe watanni kuɗi na ɗaure, da na kamfani da na 'yan kasuwan da suka amince da shi, ga suna ya sha duka a jaridun duniya. Kamfanin ya ce shi tun 2019 ya nemi lasisi, kuma kafin lasisin ya fito yana aiki ne ta hannun bankuna da kamfanonin waya waɗanda ke da izinin hukuma. Watau shi a ganinsa yana cikin inuwar masu gida, hukuma kuwa a ganinta baƙo ne da ya shigo gari bai yi sallama ba. A tsakanin waɗannan fahimta biyu ne dukiya ta maƙale.

Wataƙila mai karatu ya ce, to, ina ruwan malamin makaranta ko akawun ofis da rigimar manyan kamfanoni a Nairobi? Ruwansa kuwa babba ne. Yau da wuya ka sami ma'aikacin da albashinsa ba ya ratsawa ta irin waɗannan manhajoji, ko mai shagon da ba ya karɓar ciniki da su. Ban da wannan, yaran da mu ke koyarwa su ne ke fitowa suna kafa ƙananan kamfanonin fasaha a Kano da Kaduna da Jos, wani da kuɗin sallamar ubansa daga aiki, wani da gonar gado da aka sayar. Duk wanda ya ɗan sami ciniki cikinsu, abin da ke ransa shi ne ya ƙetare iyaka. Muna ganin ya kamata manya su san abin da ke jiran yaran nan a ƙetare, ko don su iya tambayarsu abin da ya dace kafin su ba da dukiyarsu.

Kuskuren da ya fi yawa ga samarin nan shi ne zaton da su ke yi cewa tun da intanet ba ta da iyaka, sana'ar da a ke yi a kanta ma ba ta da iyaka. Manhajar da aka rubuta a Kano za ta buɗe a Maraɗi ko a Kumashi cikin ƙiftawar ido, ba kwastan, ba shinge. Wannan gaskiya ne. Amma kuɗin da manhajar ta karɓa a bankin wata ƙasa su ke kwana, mutanen da ta tattara sunayensu talakawan wata hukuma ne, ma'aikacin da aka ɗauka yana ƙarƙashin dokar ƙwadagon garinsu, in kuwa rigima ta tashi gaban alƙalin wata ƙasa za a tsaya. Dukkan waɗannan a ƙasa su ke, kuma kowace ƙasa da sarkinta.

Kakanninmu fatake sun san wannan sarai. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ya kan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Borgu da Yandi kafin ya sauka Salaga. Ba a zaɓen madugu don ƙarfin damtse. Ana zaɓensa don ya san kowane sarki na kan hanya, ya san abin da a ke biya a kowane mafitin kogi da kowace ƙofar gari, ya kuma iya ciniki a kan garama har a rage. In an isa zango kuma, ba wanda ke kwance kayansa a kasuwa kai tsaye. Sai ya sauka gidan mai masauki, mutumin da ya daɗe a garin, ya ji harshensu, ya san dokokin sarkin kasuwa. Shi ke adana kaya, shi ke nemo dillali, shi ke tsaya wa baƙo in an ci bashi, shi ke kai shi fada in magana ta kai can. Ana biyansa la'ada, ba wanda ke ganin hasara ce, domin an san baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, lauyan ƙasar da kamfani zai shiga shi ne mai masaukin wannan zamani, lauyan gida kuwa shi ne madugu. Abin mamaki shi ne jikokin fatake su ne yau ke ɗaukar kaya su shiga kasuwar baƙi ba madugu ba mai masauki.

Lauyan gida kaɗai ba ya isa, kome gwanintarsa. A Nijeriya ba mai yin aikin lauya sai wanda aka rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli, kuma kusan kowace ƙasa tana da irin wannan ƙa'ida. Lauyan Kaduna ba zai tsaya gaban kotun Nairobi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci ma shi ne, karanta doka daban, sanin yadda hukuma ke aiki da ita daban. Kowa na iya samun dokar biyan kuɗi ta Kenya a intanet ya karanta. Amma ko Babban Banki zai yarda baƙo ya yi aiki a inuwar wani banki, da iyakar girman da zai kai kafin a ce ya wuce gona da iri, wannan sai wanda ya saba shiga ofisoshin nan. Ga misalin wani kamfanin samarinmu, Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a watan Oktoba na 2020 a kan kuɗin da aka ce sun haura dala miliyan 200. Shi ya sami izinin Babban Bankin Kenya a ƙarshen 2022, bai buɗe ƙofa ga kowa da kowa ba sai a 2023. An ga kamar ya yi nawa, amma ba a ɗaure masa ko anini ba.

Maƙwabcin da ya fi nisa

Ga yaron Katsina ko na Sakkwato, Kenya ba ita ce farkon tunani ba. Nijar ce, inda harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, kuma daga Jibiya zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Amma ta fuskar doka, Nairobi da Landan sun fi Maraɗi kusa da Kano. Nijeriya da Gana da Kenya sun gaji tsarin shari'ar Ingila, inda hukuncin alƙalan baya ke zama hujja. Nijar da Chadi da Binin, da mafi yawan Kamaru, sun gaji na Faransa, inda kome ke rubuce cikin kundi, kuma akwai wani jami'i mai hatimi da a ke ce wa notar, wanda takardu da yawa ba su inganta sai sun bi ta hannunsa.

Har wa yau, ƙasashen nan sun haɗa dokokinsu na kasuwanci wuri ɗaya. A watan Oktoba na 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a Port Louis, tsibirin Morishus, kuma ƙasashe 17 ke cikinta, har da dukkan maƙwabtan Nijeriya huɗu na kan tudu. Dokar kafa kamfani ɗaya ce a Yamai da Injamena da Kwatano da Yawunde, haka dokar jingina da ta karɓar bashi. In shari'a a kan waɗannan dokoki ta yi nisa, kotun ƙarshe ba a Yamai ta ke ba, tana Abijan. Wannan alheri ne ga wanda ya sani, domin wahalar koyo sau ɗaya ce, ƙofa 17 ta buɗe. Ga wanda bai sani ba kuwa tarko ne, ya kwafo takardar yarjejeniyar da aka rubuta bisa dokar Ingila ya kai Maraɗi, ran da rigima ta tashi a ce masa rabin sharuɗɗansa ba su da ƙafa.

Maganar kuɗi ma haka ta ke. Wanda zai yi sana'ar aika kuɗi a Nijar, izininsa na hannun Babban Bankin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke Dakar, mai kula da ƙasashe 8. Wanda zai yi a Chadi ko Kamaru kuwa ƙarƙashin wani babban banki ya ke, na Yawunde, mai kula da ƙasashe 6. Duka sefa a ke kiran kuɗin, amma sefa biyu ce, hukuma biyu. Sunan kamfani da tambarinsa kuma, rajistar da aka yi musu a Abuja ba ta tsare su a ƙetare. Ƙasashen Faransanci suna da ofishi ɗaya a Yawunde, wasu na Ingilishi suna da nasu a Harare, Nijeriya kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Wanda ya yi sakaci zai iya isa Yamai ya tarar wani ya riga ya yi rajistar sunansa, sai ya saya ko ya canja.

Kada kuma a dogara ga zumuncin siyasa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ko da ya ke fitar ba ta taɓa zamansu cikin OHADA ba. A Gana kuwa, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 mai ba da 'yancin zirga-zirga, dokar zuba jari ta 2013 ta ɗora wa baƙon da zai yi saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki, da ita aka kulle shagunan 'yan Nijeriya a Akra da Kumashi a 2019 da 2020. Dattawan zangunan Gana ba su manta da 1969 ba, sa'ad da aka ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita, mu ma kuma mun yi musu irinta a 1983. Takardar da mutum ya raina ran zaman lafiya ita a ke tambayarsa ran da hankali ya tashi.

Uwa a Amurka, 'ya a Ikko

Akwai wani abu da jama'a da yawa ba su sani ba. Manyan kamfanonin fasaha da mu ke kira namu, da yawansu a takarda na Amurka ne. Masu zuba jari na can ba su cika son sa kuɗi cikin kamfanin da aka yi wa rajista a Abuja ba. Sai su ce a kafa uwar kamfani a Delaware, wata 'yar ƙaramar jiha a gabashin Amurka, wadda ke da kotu ta musamman tun 1792 da ta shahara wajen shari'ar kamfanoni, alƙalai ne ke yanke hukunci, kuma an san inda hukuncinsu ya saba dosa. Kamfanin da ke Ikko ko Kano sai ya koma reshe, uwar ta mallake shi. Yin rajistar ba wuya, ana gamawa ta intanet cikin 'yan kwanaki, shi ya sa yara ke yi ba shawarar kowa.

Wahalar a baya ta ke. Daga ran da aka kafa uwar, hukumar harajin Amurka tana jiran takardu kowace shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Akwai takarda guda da kamfanin Amurka mai reshe a waje ke cikawa, wanda ya manta da ita tararsa dala 10,000. Babu kuma yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Nijeriya da Amurka, irin wadda mu ke da ita da Ingila da Faransa. Kuɗin da uwa ta aiko wa reshe, in ba a karɓi takardar shaidar shigo da jari daga banki a lokacin ba, fitar da riba ta hanyar hukuma ya zama aiki. Sa'an nan ga babbar tambaya, wa ya mallaki manhajar kanta, uwa ce, ko reshe, ko kuwa yaron da ya rubuta ta a ɗakinsa ba a taɓa sa shi ya sa hannu kan kome ba? Mai zuba jari na gaske ba ya ba da kuɗi sai lauyoyinsa sun bi wannan, ciniki da yawa kuwa a nan ya ke lalacewa.

An kuma ga cewa ajiye kuɗi a Amurka ba shi ne ƙarshen fargaba ba. Ran 10 ga Maris 2023 hukuma ta rufe bankin Silicon Valley, inda kamfanonin fasaha na duniya, har da na Afirka, ke ajiya. Inshorar ajiya a can iyakarta dala 250,000. Da Gwamnatin Amurka ba ta tsaya wa dukkan masu ajiya bayan kwana biyu ba, da wasu sun kasa biyan albashi. A 2024 kuma kamfanin Mercury, wanda yara da yawa suka koma wa, ya ba da sanarwar zai rufe asusun waɗanda ke zaune a wasu ƙasashe, har da Nijeriya. Masu lura sun danganta wannan da sa Nijeriya da aka yi a Fabrairun 2023 cikin jerin ƙasashen da a ke sa wa ido kan wanke kuɗin haram, jerin da ba ta fita ba sai Oktoban 2025. Yaron da ke zaune a Zariya bai yi laifin kome ba, amma matsayin ƙasarsa ya bi shi har cikin asusunsa.

Dokar ƙananan kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta yi nufin jawo su gida. Ta yi alkawarin rangwamen haraji ga kamfanin da aka yi wa rajista a Nijeriya, wanda bai wuce shekara 10 ba, kuma 'yan ƙasa da suka kafa shi ke riƙe da aƙalla sulusin hannun jarinsa. Abu ne mai kyau. Sai dai wanda zai mayar da mallakar kamfaninsa Delaware ya tambayi lauya tukuna ko zai ci gaba da cika wannan sharaɗi.

Bayanan mutane su ne wani sabon kaya da kakanninmu ba su ɗauka ba. Suna, da lambar waya, da hoton fuska, da abin da mutum ya saya, duk yanzu doka ta ɗauke su amana. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta a watan Mayu na 2018, tana kuma bin kowane kamfani da ke sayar wa mazaunanta kaya ko aiki, ko a ina ya ke zaune. Tararta tana kai wa yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. A 2023 an ci Meta, mai Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Manhajar da ke taimakon 'yan Nijeriya mazauna Jamus ko Italiya su aiko kuɗi gida ta shiga hannun wannan doka tun ran da ta karɓi mutum na farko. Kenya ta yi tata a 2019, a Agustan 2023 kuma ta dakatar da Worldcoin, wanda ke ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane yana ba su lada. Nijeriya ta yi tata a Yunin 2023, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje.

Kada mu ga kamar zalunci ne a ke yi wa namu. Mu ma haka mu ke yi wa baƙi. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, cikin sharuɗɗan dawowarsa har da yin rajista a ƙasar da biyan haraji. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220. A Fabrairun 2024 aka tsare manyan ma'aikatan Binance biyu da suka zo Abuja tattaunawa, ɗaya ya tsere, ɗaya bai sami kansa ba sai Oktoba. A nan akwai abin lura ga iyaye. Kamfani ba shi da jikin da za a kulle, ma'aikacin da aka aika shi ke kwana a ɗaki. Kafin a tura yaro wata ƙasa ya shugabanci reshe, a tambayi lauyan can abin da doka ta rataya a wuyansa shi kansa.

Sai kuma 'yar magana guda da ke ƙarshen kowace yarjejeniya, wadda mutane ke tsallakewa don sun gaji da karatu, watau dokar wace ƙasa za a bi, kuma a gaban wa za a yi shari'a. Hukuncin kotun Kano ba lalle ne kotun Dubai ta zartar da shi ba. Don haka 'yan kasuwa suka fi son su amince tun farko da wasu masu sasantawa da za su yanke hukunci, domin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, ta wajabta wa kotuna su zartar da irin wannan hukunci. Nijar ta shiga a 1964, Nijeriya a 1970. Ma'aikatan Gwamnati ya kamata su fi kowa sanin nauyin wannan, domin da irin wannan sharaɗi ne kamfanin P&ID ya sami hukuncin dala biliyan 6.6 a kan Nijeriya a 2017, bisa kwangilar gas ta 2010, ruwa ya hau har ya kai wajen biliyan 11, kafin wata kotun Landan ta rushe shi a Oktoban 2023 saboda ta gano an same shi ta hanyar zamba. Ga ƙaramin kamfani haɗarin daban ne. In ya yarda a yi shari'a a Landan, kuɗin lauya kaɗai zai fi abin da a ke rigima a kai, watau ya sa hannu ke nan cewa ba zai taɓa kai ƙara ba.

To, samarin nan suna da amsa, ba kuwa amsar banza ba ce. Su kan ce in sun tsaya jiran lasisi, mai ƙarfi zai zo ya kwashe kasuwa. Su kan ce lauyan ƙasar waje da dala ya ke karɓa, su kuwa naira su ke samu. Kamfanin da ya nemi lasisi a 2019 ya kai 2022 bai samu ba, ba za a ɗora masa laifin jinkirin duka ba. Muna tare da su a nan. Amma ba mu yarda cewa maganin tsada shi ne a shiga a makance ba. Ba dole ne a ɗauki babban ofishin lauyoyi ba. Abin da a ke bukata tun farko shi ne lauyan gida ya tsara tambayoyi kaɗan, shin wannan aiki yana bukatar lasisi a ƙasarku, shin baƙo na iya mallakar kamfanin duka, ina za a ajiye bayanan mutane, ta wace hanya riba za ta fita, sa'an nan lauyan can ya amsa a rubuce, ya sa hannu. In an ce za a yi aiki a inuwar wani banki, a nemi hukuma ta yarda da haka a takarda, kada a tsaya ga maganar bankin, domin shi ciniki ya ke nema. A kuma bincika lauyan a wurin ƙungiyar lauyoyin ƙasarsu, kamar yadda fatake ke tambayar labarin mai masauki tun a hanya. Wanda kuɗinsa bai kai wannan ba, a ganinmu, bai isa ƙetare iyaka ba tukuna, ya ƙara ƙarfi a gida.

Mu da ke aikin ilmi muna da namu rabo. Muna zaune tsakanin ƙasashe huɗu masu aiki da Faransanci, amma a makarantu da yawa darasin Faransanci suna ne kawai a jikin jadawali, don babu malami. Ko da ya ke Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, dokokin OHADA da takardun bankin Dakar da Faransanci a ke aiki da su. Lauyan da ya tashi a Daura ko Illela, ya ji Hausa da Ingilishi da Faransanci, ya san tsarin shari'a biyu, ba zai rasa aiki ba har ya tsufa. Muna fata sassan koyon shari'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri za su ba wannan fanni ƙarfi, su ƙulla musayar ɗalibai da jami'o'in Yamai da Maraɗi.

Saura na Gwamnatoci. An sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Kigali a Maris na 2018, aka fara aiki da ita a Janairun 2021, a Fabrairun 2024 kuma shugabanni suka amince da ƙarin sashe kan ciniki ta intanet. Wannan sashe bai shafe lasisin kowace ƙasa ba, kada wani yaro ya ruɗu da shi. Abin da ya fi kusa da bukatar kamfanonin nan shi ne wanda manyan bankunan Gana da Ruwanda suka sa wa hannu a Fabrairun 2025, cewa kamfanin da ɗaya ta ba lasisi ɗayar za ta sauƙaƙa masa shiga, kamar yadda ƙasashen Tarayyar Turai ke yi a tsakaninsu. Muna roƙon Babban Bankin Nijeriya ya nemi irin wannan, ya kuma fara da na Dakar, domin sa hannu guda a can ya shafi ƙasashe 8, cikinsu har da Nijar da Binin, inda 'yan kasuwarmu suka fi kai da kawowa.